Neman shawara: aikin gyaran muƙamuƙi ga ƙanwata

Salam 'yan uwa, admin dan Allah a ɓoye sunana. Daga Daura nake. Ƙanwata ce mai shekara 16, haɓarta ta turo gaba sosai, haƙoran ƙasa sun wuce na sama, ko tsire ba ta iya gatsa da na gaba sai ta kai shi gefe, ga tsokanar 'yan makaranta har ta koma yawo da takunkumi kullum. Mun ji ana aiki a mayar da muƙamuƙin baya amma Hajiyarmu ta ce ita fa ba za a canza halittar Allah ba. Wanda ya sani ya taimaka.

Wata nas daga Katsina: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ana yi, amma kar ku yi gaggawa, sai ƙashinta ya gama girma, galibi wajen shekara 18, in aka yi da wuri haɓar tana iya sake turowa. Kuma ba rana ɗaya ba ne, ana fara sa mata waya a haƙora shekara ɗaya ko fiye don su daidaita, sannan a shiga tiyata. Ta cikin baki ake yankan, babu tabo a fuska, a raba ƙashin a ja shi baya a ɗaure da 'yan ƙarafa da kusoshi. Bayan aiki kumburi sosai, kusan sati 6 sai kunu da koko da fura mai ruwa, kuma leɓen ƙasa kan yi dindiris, wasu ya warware a watanni wasu kuma ba ya dawowa duka. Wannan ku tambayi likita ƙarara.

Baba daga Ƙofar Marusa: 'Yata, ki faɗa wa Hajiya malamai sun bambanta kwalliya da gusar da cuta. Sahabi Arfaja da aka yanke wa hanci a yaƙi, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Yarinyar da ba ta iya tauna ai magani take nema. Ta tambayi malamin da ta yarda da shi.

Wani memba: Ku fara da sashen haƙori na asibitin koyarwa na tarayya nan Katsina, a yi hoton ƙashi, in ta kama su tura ku asibitin Malam Aminu Kano. Wani ma waya kaɗai ke isarsa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti nas, wayar ita ana iya sawa tun yanzu ko ita ma sai ta cika 18?