Bill Monroe ne uban bulugiras, ko sai da Scruggs ya zo?

Mai Banjo: Jama'a, ni ban yarda kiɗan bulugiras, salon kiɗan karkarar Amurka na kayan tsirkiya, ya fara a 1939 ba, shekarar da Bill Monroe ya hau dandalin shirin rediyo na Grand Ole Opry a Nashville da ƙungiyarsa ta Blue Grass Boys. A Disamba 1945 ya fara, da shigowar makaɗin banjo Earl Scruggs ƙungiyar. Kafin nan Stringbean ne ke riƙe da banjo da tsohon salo, har akodiyon ake ja a ƙungiyar, a hannun Sally Ann Forrester. Scruggs ya zo da yatsu uku: babba, manuni da na tsakiya, kowanne da farcen aro, yana jero sauti takwas a gaɓa ɗaya ba tsayawa.

Tsohon Magogi: Malam, a hankali. Scruggs da mawaƙi mai jita Lester Flatt sun fice a farkon 1948 suka kafa Foggy Mountain Boys. In salon nasu ne kaɗai, da ya mutu a gidan Monroe. Don Reno ya karɓi banjo, Jimmy Martin ya shigo a 1949, kuma haɗuwar muryarsa da siririyar muryar Monroe ce ta ba waƙar wannan tsinin kewa. Ka kuma manta babu ganga a kiɗan nan. Saran mandolin ɗin Monroe tsakanin bugun bas shi ke riƙe kowa. In ya yi latti, gudun banjo sai ya watse.

Mai Banjo: Yallaɓai, to me ya sa ake auna kowa da waƙoƙi 28 da suka ɗauka wa kamfanin faifai na Columbia a 1946 da 1947? Monroe, Flatt, Scruggs, Chubby Wise a goge, Howard Watts a bas. Su biyar ɗin nan ne ma'auni.

Uwar Jita: Ma'auni kam su ne, ɗan'uwa, amma mutum sama da 150 suka ratsa ƙungiyar kafin rasuwar Monroe a 1996. Dubi 1963 kaɗai. Del McCoury da banjo ya zo, Monroe ya miƙa masa jita ya ce ya ja baki, saboda Bill Keith ya samu kujerar banjo. Keith kuwa ba salon Scruggs ya tsaya a kai ba, waƙoƙin goge yake fitarwa sauti bi sauti. Monroe ma Brad yake kiransa, don kada Bill ya zama biyu.

Tsohon Magogi: Kuma magogi Kenny Baker, da ya fara a 1957 yana fita yana dawowa har 1984, ya fi Scruggs daɗewa nesa ba kusa ba.

Mai Banjo: Daɗewa daban, Yallaɓai. Ku nemo min faifan Monroe na kafin 1945 mai wannan gudun banjo, sai mu ci gaba.