-아서/어서 ko -(으)니까? Ga abin da aka tsayar

1. A tattaunawar da aka yi kan waɗannan ɗafe-ɗafe biyu da ake liƙa wa ƙarshen aikatau a Koriyanci, an haɗu a kan cewa dukansu dalili suke nunawa, amma in umarni ko shawara za ta biyo baya, -(으)니까 kaɗai ke shiga: 비가 오니까 우산 가져가세요, wato tunda ana ruwa, a tafi da laima. 와서, wato 오니까 ɗin in aka sa masa -아서, a nan kuskure ne.

2. Ba a sa -았/었-, alamar lokacin da ya wuce, kafin -아서/어서. 늦어서 (saboda an makara) ake cewa, ba 늦었어서 ba. Aikatau na ƙarshe shi ke ɗaukar lokacin.

3. Ban haƙuri da godiya kuwa na -아서/어서 ne: 늦어서 죄송합니다, wato a yi haƙuri na makara. Aka sa 니까, maganar ta lalace, abin da ba ka so a gaban malami.

Wajen koyo aka rabu: wasu sun ce a fara haddace doka, wasu sun ce a yi ta maimaita cikakkun jimloli har baki ya saba. Ni ina bayan na biyun.