Zakaran da Allah ya nufa da cara, har da mai tsutsa a maƙogwaro?

Ɗan Mokoyo: Salamu alaikum. Jiya muka yi cacar baki da yayana. Yana kiwon zabbi da wasu tsuntsayen ado biyu masu doguwar wutsiya da ake ce ma fezan. Tun saukar damina namijin ya rame, ƙashin ƙirjinsa kamar wuƙa, yana miƙa wuya yana hangame baki kamar mai hamma. Likitan dabbobi ya ce tsutsar maƙogwaro ce, a jikin tanar da suke tsinta suke kwasarta. Na ce Yaya a sayi magani, sai ya ce mani zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Abin ya tsaya mani a rai. Haka ake amfani da maganar nan?

Malamin Zaure: Wa alaikumus salam. Wanda maƙiya suka so ganin bayansa ya tsira ake faɗa wa ita. Ba a ce ka buɗe wa muzuru akurki ba. Ɗaure raƙuminka, sannan ka yi tawakkali.

Na Bagalam: Allah gafarta Malam, ai ta ƙaddara ce tsantsa. Ni ina bayan yayan nasa.

Maman Biyu: Kun tuna mani da kakata a Tibiri, Allah ya jiƙanta. Kullum bakinta na kan wannan karin magana, amma kaskon kajinta bai taɓa rabuwa da ɓawon maɗaci ba, ruwan ya yi jajir. Da asuba ta share kashinsu ta barbaɗa toka. Wata shekara ciwo ya share kajin unguwa, nata saura wani tsigi ɗaya mai ɗingishi. A ɗakinta yake kwana cikin kwando, ta hana a yanka shi ko ranar sunan ƙanena. Ranar da ya fara cara ta fito tana guɗa, ta ce kun gani? Har ya tsufa muna kiransa Sai-ya-yi.

Na Bagalam: To ga hujjata nan.

Malamin Zaure: Hujjarka ko tawa? Wa ya jiƙa maɗacin?

Baban Fada: Mu zakarunmu lokacin zaɓe kaɗai suke cara. Da sun shiga akurki sai ci, ba ƙwai ba cara. Su ne tsutsar cikin baitulmali, mu ke ramewa.

Mai Zabbi: Wannan tsutsar ta fi ƙarfin likita, Baba. Ɗan Mokoyo, kada ka sayo piperazine, manyan tsutsotsin hanji yake fitarwa, ba ya taɓa ta maƙogwaro. Ka tambayi likitan levamisole ko fenbendazole, ya auna maka daidai nauyin tsuntsun. A ba su duka har zabbin, a maimaita ranar da ya faɗa, a dakata da cin ƙwan.

Ɗan Mokoyo: Na gode. Matsalar ita ce ba ni da bakin ja da Yaya sau biyu.

Maman Biyu: Ka bi ta wajen matarsa. Af, Mai Zabbi, ƙwan zabbi nawa ne yanzu a Babbar Kasuwa?