Yayana mai fasfon Suwidin zai iya cike bizar Umra ta intanet daga nan Zariya?

Ɗan Tudun Wada:
Salamu alaikum jama'a, dan Allah ina neman wanda ya san kan abin nan. Yayana ne ya zo hutu daga Suwidin, shekararsa goma sha ɗaya a Malmo har sun ba shi takardar zama ɗan ƙasa, yanzu fasfo biyu gare shi, namu kore da nasu ja. To yana zuwa ya ce shi fa so yake ya kai Hajiyarmu Umra kafin hutunsa ya ƙare, su tashi ta Kano. Jiya na je wajen wani ejan a Sabon Gari ya yanko mana kuɗi kan mutum biyu wlh sai da na zauna, da na dawo gida Yaya ya yi dariya ya ce shi ba ya buƙatar ejan, wai da fasfon Suwidin a waya ake cikewa a turo maka biza ta imel. Ni dai ban yarda ba don ejan ɗin ya ce min tunda yana Najeriya dole ta hannunsu za a bi. Wa ke da gaskiya? Kuma Hajiya fa, za ta iya shiga cikin tasa tunda shi ɗanta ne?

Bazazzagi:
Wa alaikumus salam. Yayanka ne da gaskiya, ejan neman na cefane yake. Tun watan Satumba 2019 Saudiyya ta buɗe bizar yawon buɗe ido ta intanet wa ƙasashe 49 a farko, Suwidin na ciki, Najeriya ba ta ciki. Fasfo suke dubawa, babu ruwansu da inda kake zaune lokacin da kake cikewa, ko a gindin darbejiya a Kwangila ka cike ɗaya ne. Bizar shekara ɗaya take yi, ana shiga a fita sau da yawa, zama har kwana 90, kuma ana Umra da ita amma ba a Hajji, in lokacin aikin Hajji ya gabato ma hana masu ita shiga Makka ake yi. Inshorar lafiya a cikin kuɗin take tun wajen biya.

Abu ɗaya da zai duba tun kafin ya taɓa komai, ranar mutuwar fasfon. Na Suwidin shekara 5 kawai yake yi, mutane suna mantawa, kuma sai da saura wata 6 a kai ranar da zai shiga.

Maman Walid:
Ni abin da zan ja muku kunne a kai shafin da za ku shiga ne, don ya faru a gidanmu. Mijin ƙanwata ma fasfon Turai gare shi, bara ya ba wani yaro a shagon intanet nan Samaru ya cike mishi, yaron ya rubuta a Google ya danna na farkon da ya fito, shafi mai kyau da tutar Saudiyya da hoton Ka'aba komai tsaf, ashe na 'yan tsakiya ne. Bizar dai ta fito daga baya amma kuɗin da aka zare a katinsa ya kusa ninki biyu, da aka yi magana suka ce ladan aikinsu ne, wa za ka kama? Shafin gwamnati shi ne na Visit Saudi, ku rubuta adireshin da hannunku kar ku bi wanda aka rubuta talla a kansa. Kuma ya cike da kansa dan Allah, mutumin da ya yi shekara sha ɗaya a Turai me zai kai shi ba wani fasfonsa da katin banki.

Hoto ma yana ba da wahala, fari tas suke son bayan, mu sai da muka rataya farin zanin gado a ƙofar falo muka ɗauka da rana.

Ɗan Tudun Wada:
Allah ya saka. Mun gwada yanzu da daddare, adireshinsa ya ƙi shiga saboda wannan o ɗin nasu mai ɗigo biyu a ka, kuma wajen biya ya tsaya cak.

Injiniya Kongo:
Ya rubuta o zalla a adireshi, ba wanda zai tambaye shi. Inda ake taka-tsantsan shi ne suna, ya kalli layi biyun nan na ƙasan shafin hoto mai cike da alamomi ya kwafi yadda yake a can harafi da harafi, don can wajen ö tana komawa OE, å ta koma AA, ä ta koma AE. In sunansa na Hausa ne zalla to ba shi da wannan ciwon kan, sai dai ya kula kar ya sa Muhammad alhali fasfo Mohammed ya ce.

Biya kuma da katinsa na can zai yi, yawanci bankinsu sai ka tabbatar ta BankID, manhajar shaidarsu ta can, a waya, in netwok na rawa lokacin sai ya yanke. Ya duba kuma ko katin a buɗe yake wa sayayyar ƙasar waje. Ku bari sai bayan Asuba ku sake.

Sannan maganar fasfo biyu, wannan ita ce mutane ke rikicewa a filin jirgi. In da kore ya shigo Najeriya to da kore zai fita wajen imigireshin a Kano, amma a kantar jirgi da can Jidda ja zai miƙa saboda bizar a lambarsa take maƙale. Duka biyun su kasance a aljihun gaba. Kuma jan fasfo ba zai raba shi da katin rigakafi ba tunda daga nan zai tashi, cutar shawara da sanƙarau duk ya tanadi shaidarsu shi da Hajiya.

Bazazzagi:
Na manta tambayarka ta biyu. Hajiya ba ta shiga cikin tasa, kowa da fasfonsa. Sai dai in ta taɓa kai mishi ziyara tana da bizar Schengen, wato ta shiga ƙasashen Turai irin su Suwidin, da ba ta mutu ba kuma an buga mata shiga da ita, masu irin wannan da masu ta Amurka ko Ingila Saudiyya ta yi musu sauƙi. In babu to ita ta ejan za ta bi, mai lasisin Hukumar Alhazai, ku ce ya nuna muku ku gani da ido. Ku fara da tata don ita ce mai jan lokaci, kar ku yanki tikiti sai ta fito. Ku sauke manhajar Nusuk ta Saudiyya a waya kuma saboda izinin shiga Rauda a Madina.

Ɗan Tudun Wada:
Alhamdulillah bizar Yaya ta fito! Bayan Asuba muka sake, kafin a sauke kunu imel ya shigo, na je PZ na buga mishi kwafi biyu. Hajiya ba ta taɓa zuwa Turai ba, ta ce sanyin Zariya ma ya ishe ta, don haka gobe zan koma wajen ejan da maganar mutum ɗaya, zan ga yadda fuskarsa za ta yi.