Tallafin hukumar birni ga masu fasaha: wa ya taɓa samu, kuma yaya ta kaya?

Mai Dandali:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina so waɗanda suka taɓa hulɗa da ofishin al'adu na birninsu su faɗa mana abin da suka gani da idonsu. Bari in fara da nawa. Ina jagorantar wata 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo, kowa da aikin da yake ci da shi, sai da yamma muke haɗuwa. Mun nemi tallafi, aka ba mu, muka yi ta murna. Sai da muka je sa hannu aka ce ai ba a hannu ake ba da kuɗin ba: ka kashe naka, ka tara rasit, ka kai a duba, sannan a mayar maka. Hayar fitilu da ɗinkin kayan 'yan wasa duk da bashi muka yi su, kuɗin kuwa bai shigo ba sai da aka daɗe da tashi daga wasan. Abin da ya riƙe mu har yau wani abu ne daban. Ɗakin karatun unguwarmu, wanda shi ma na hukumar birni ne, yana da zauren taro da ba a amfani da shi da dare. Shugabar wurin ta yarda mu riƙa gwajin wasa a ciki kyauta, da sharaɗin mu mayar da kujeru yadda muka same su, mu kashe wuta. Da za a ce mu zaɓi ɗaya tsakanin kuɗin nan da zauren, wallahi zauren za mu ɗauka.

Malamar Zane:
Wa alaikumus salam Malam. Ni ta wata ƙofa na shiga. Ana gina sabuwar tashar bas aka fitar da sanarwar neman mai zanen bango, domin dokar birnin ta ce ginin da aka yi da kuɗin jama'a sai an ware kashi 1 cikin 100 na kuɗinsa don aikin fasaha. Tsari ne da ya daɗe, Filadelfiya ta Amurka ta fara shi tun 1959, New York ta kafa tata dokar a 1982. Alherinsa shi ne kuɗin yana cikin kasafin ginin tun farko, ba sai ka bi kowa kana roƙo ba. A kwamitin zaɓe akwai masu zane, da injiniyan aikin, da mazauna unguwa. Wata dattijuwa a cikinsu ta daɗe tana duban zanen gwajina, sannan ta ce fuskokin duk na matasa ne, alhali tsofaffi ne suka fi daɗewa a zaune suna jiran mota a wurin. Na ƙara su, zanen ya cika. An biya ni kashi-kashi: lokacin sa hannu, da aiki ya kai rabi, da ranar miƙawa. Inda aka bar giɓi shi ne kwangilar ba ta faɗi wanda zai kula da bangon ba. Indararo ya tsage, ruwa ya riƙa bin bango, fenti ya kumbura ya fara ɓarewa. Sashen sufuri ya ce aikin na sashen al'adu ne, na al'adu ya ce ba shi da kasafin gyara. Duk wanda zai karɓi irin wannan aiki ya tsaya sai an rubuta wa ke da alhakin gyara, kuma na tsawon wane lokaci.

Dattijon Ofis:
Malam Mai Dandali, ni a irin ofishin nan na yi aiki har na yi ritaya, kuma abin da ka faɗa ya taɓa ni, domin na sha ganin fuskar mutum tana canjawa idan na ce masa sai ya kawo rasit. Masu binciken kuɗi ne suka fi son tsarin, saboda yana hana a karɓa a gudu. Amma nauyinsa kan ƙaramin mai fasaha yake sauka, shi da ba shi da abin da zai fara kashewa. A wurinmu ana iya ba da wani kaso tun farko idan an nema a rubuce, sai dai kaɗan ne suka san haka.

Kuɗin al'adu kuma iri biyu ne, ya kamata ku san wanne kuke nema. Akwai wanda ke fitowa daga babban kasafin birni, kowace shekara yana gogayya da kwashe shara, gyaran titi da kula da tsofaffi. Ranar da aljihu ya yi ƙasa shi ake fara yanka. Ku dubi Birmingham ta Ingila: a Satumban 2023 majalisar birnin ta bayyana cewa ba za ta iya daidaita kasafinta ba, a 2024 aka zaftare rabin tallafin ƙungiyoyin fasaha, da shirin tsayar da shi gaba ɗaya a shekara mai bi. Na biyu shi ne harajin da aka keɓe musamman. San Faransisko ta Amurka ta fara ware wani kaso na harajin kwana a otal don fasaha a 1961. A yankin Denver na Amurka kuwa jama'a ne suka jefa ƙuri'a a 1988 cewa a riƙa cire santi 1 a kan kowace dala 10 ta sayayya don al'adu da kimiyya, kuma sun sake amincewa da shi daga baya. Wannan ya fi kwanciyar hankali, ko da yake harajin otal shi ma yana faɗuwa idan baƙi suka ɗauke ƙafa, kamar yadda aka gani a 2020.

Abin da ya fi ci mini rai a aikin shi ne fom. Manyan cibiyoyi suna da ma'aikacin da ba shi da aiki sai rubuta neman tallafi. Ƙaramar ƙungiya kuwa ba rajista, ba asusun banki da sunanta, sai ta faɗi tun a bakin ƙofa. Mafitar da na riƙa ba su ita ce su raɓa da wata ƙungiya mai rajista, ta karɓi kuɗin a madadinsu. In an ƙi ku kuma, ku nemi a nuna muku abin da kwamiti ya rubuta a kan takardarku.

Mai Gidan Waƙa:
Baba, mu kam ba ma neman ko sisi, a dai bar mu mu yi aiki. Ina riƙe da ƙaramin zauren da sababbin mawaƙa ke fara tsayawa gaban jama'a. Mun daɗe a wurin kafin a gina gidajen haya jikin katangarmu. Sababbin maƙwabta suka kai ƙara kan hayaniya, jami'i ya zo da na'urar auna sauti ya tsaya a tagar ɗakin wani, aka rage mana lokacin tashi. Ban ga laifin maƙwabtan ba, kowa na son barci. Wanda ya ba da izinin gini bai tilasta wa mai ginin ya sa bango da tagogi masu tare sauti ba. A Ingila an sa ƙa'ida cikin tsarin gine-gine a 2018 cewa wanda ya zo daga baya shi ne zai ɗauki nauyin magance hayaniyar. Berlin ta Jamus ta ware Yuro miliyan 1 a shekarar don taimaka wa gidajen kiɗa su toshe sauti. Landan ta naɗa jami'a mai kula da harkokin dare a 2016, New York kuma a 2017 ta soke dokar 1926 da ta hana rawa a wurin da ba shi da lasisi na musamman. Mu abin da muka rasa shi ne mutum guda a hukuma da za a kira ya zaunar da mu da maƙwabta kafin magana ta kai ga tara.

Uwar Yara:
Ni ba mai fasaha ba ce, 'yar kallo ce, kuma ina ganin kun manta da manyan bukukuwan da hukuma ke shiryawa. A wani wasan kyauta da hukuma ta shirya a filin shaƙatawa 'yata ta fara ganin makaɗa da yawa suna kiɗa tare. Ta kafe a gaban mai busa sarewa ta ƙi motsi har aka tashi, yanzu tana koyo a ajin yamma na cibiyar matasa. Da tikiti ake shiga da ba mu je ba. Bogota ta Kolombiya tun 1995 take shirya bikin kiɗa na kyauta a filin shaƙatawa, kuma hukumar birnin ce ke ɗaukar nauyinsa.

Malamar Zane:
Gaskiyarki Hajiya, amma ki lura da inda 'yarki ta ci gaba: ajin yamma, wanda sai an biya malami da hayar ɗaki duk wata. Na ga shekarar da aka kashe kuɗi mai yawa wajen ɗauko baƙin taurari, mu 'yan gida aka ce mu zo mu nuna aiki kyauta don a san mu. Ni dai ban je ba.

Mai Jita:
Ni a bakin tashar jirgin ƙasa nake kiɗa. Da can kullum cikin fargabar a kore ni nake. Yanzu an yi wa wuraren alama a ƙasa, ka yi rajista, a ba ka kati da lokacinka, in ya cika ka matsa wa na baya. Bai ci wa hukuma komai ba sai fenti da takarda, ni kuwa na san inda zan kwana da inda zan tashi.

Mai Dandali:
Na gode ƙwarai. Baba, tambaya ɗaya: zauren nan da baki aka ba mu. In aka canja shugabar fa?

Dattijon Ofis:
To shi ne abin tsoron, Malam. Ku roƙe ta tun tana nan a rubuta 'yar yarjejeniya, ko shafi ɗaya ne, da ranaku da lokuta da sunan wanda ke riƙe makulli. Ku ba da wani abu a madadi, misali wasa ɗaya kyauta ga yaran da ke zuwa karatu, domin wanda zai gaje ta ya ga amfaninku a rahotonsa na shekara. Ku tambaya kuma ko inshorar ginin ta haɗa da ku da daddare, don shi ne abin da sabon shugaba zai fara dubawa.