Wane suna za mu sa wa shale da Hausa?

Jama'a, ina neman shawararku. Duk lokacin da zan yi rubutu kan farashin iskar gas a Amurka sai kalmar shale ta tsaya mini a wuya. Na gwada rubuta "gas ɗin shel", wanda ya fara karantawa ya tambaye ni ko kamfanin Shell nake nufi. Kuma yana da gaskiya, ɗan Najeriya in ya ji "shel" Neja Delta zai tuna. Aro bai karɓe mu ba a nan.

Shale dutse ne, amma asalinsa laka ce. Ta kwanta a ƙasan tsohon teku haɗe da matattun ƙananan halittu, ƙasa ta danne ta shekaru miliyoyi har ta ƙanƙare, ta zama falle-falle kamar an jera takardu. Gas ɗin yana ciki, sai dai kafofin sun yi ƙanƙanta, ba shi da hanyar fita. Shi ya sa na fi karkata ga "dutsen laka", a ce "gas ɗin dutsen laka". Wani malamina ya kawo marmara. Allah ya gafarta malam, ban yarda ba: marmara ja ce, tana kusa da doron ƙasa, duk mai haƙa rijiya ya san ta, wannan kuwa sai an nutsa kilomita biyu ko uku.

Sai kalma ta biyu, fracking, wato hanyar fito da gas ɗin daga dutsen. An ce mini "fasa dutse". Wannan zai kai tunanin mai karatu wurin masu fasa dutse da guduma a bakin hanya. Abin da ake yi shi ne a haƙa a tsaye, a karkata a bi dutsen a kwance, sannan a tura ruwa da yashi da ƙarfin gaske har dutsen ya tsattsage, yashin ya maƙale ya hana tsagar rufewa. Kalmar tana hannun wanzamai tun tuni: tsaga. Wanzami ba ya fasa fata, tsaga yake yi domin abin da ya taru ya fito. Ni "tsagar dutse" na zaɓa.

Ba don ado nake wannan nema ba. Wanda bai gane dutsen ba, ba zai gane farashin ba. Kamfanin George Mitchell ne ya nuna aikin tsagar dutse zai biya kuɗinsa a filin gas na Barnett, jihar Texas, a 1998. A tsakiyar 2008 farashi a Henry Hub, cibiyar da ake auna kasuwar Amurka da ita, ya haura dala 13. Da gas ɗin filayen dutsen laka na Marcellus da Haynesville ya malalo, a Afrilun 2012 ya faɗo ƙasa da dala 2. Ƙasar da ke gina tashoshin shigo da gas ta koma fitarwa daga tashar jiragen ruwa ta Sabine Pass a 2016, a 2023 kuma ta zama ta ɗaya a duniya wajen sayar da gas ɗin da aka mayar ruwa, kasuwar da kamfanin gas na Najeriya, NLNG na Bonny, ke ci.

Amma rijiyar dutsen laka ba ta jimiri. Tana tasowa da ƙarfi, kafin shekara ta zagayo ta ragu da fiye da rabi. Dole a yi ta haƙa sababbi, in farashi ya karye kuma a janye injuna, kamar yadda manyan kamfanoni suka rage gas ɗin da suke haƙowa a 2024. Don haka mai hasashen farashi idonsa na kan abu biyu: yawan injunan da ke haƙa, da yawan jiragen da ke lodi zuwa Turai da Asiya.

Abin da ya rage mini shi ne "iskar gas" kanta, domin da ita muke kiran na tukunyar girki, da ita kuma muke kiran wanda bututun AKK (Ajaokuta-Kaduna-Kano) zai kawo Kano, alhali ba iri ɗaya ba ne. Ina ganin mu ce "gas ɗin girki" da "gas ɗin bututu". Masu aikin rediyo, ku da kuke furtawa kullum, wanne ya fi zama a baki?