Abinci a jirgin ruwan yawon buɗe ido: halal yana samuwa kuwa, kuma me tikiti ya biya?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Muna shirin fitar da Baba da Hajiya su huta na kwana bakwai a irin manyan jiragen ruwan nan na yawon buɗe ido, mu huɗu har da maiɗakina. Ejan ɗin da ke haɗa mana tafiyar ya kawo mana zaɓi uku: mai tashi daga Dubai, mai tashi daga Jidda, da mai zagaya Bahar Rum. Ya ce abinci duk yana cikin tikiti. To Baba ba ya cin nama sai ya san yanka, ga ciwon suga yana allurar insulin, Hajiya kuma abincin da babu yaji ba ya wuce mata. Masu sani a taimaka: halal yana samuwa da gaske? Wa ake faɗa mawa, kuma yaushe? Akwai wani kuɗin da zai ɓullo daga baya?

Na-Gobarau:

Wa alaikumus salam Yaya. Allah ya saka da alheri da wannan niyya ga iyaye. Maganar ejan gaskiya ce, amma rabinta ya faɗa maka.

Abin da tikiti ya biya shi ne babban ɗakin cin abinci, inda ake zama a kawo maku, da wurin ɗiba-da-kanka da ke bene na sama, da 'yan wuraren fiza da burodi. A wurin ɗiba-da-kanka ruwa da shayi da kofi kyauta ne. Lemon gwangwani, ruwan gora, ruwan 'ya'yan itace da aka matsa nan take da kofin inji duk na kuɗi ne, kuma ana ɗora masu kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na hidima. A wasu jiragen Turai ko ruwan da za ka sha a teburin dare na gora ne, sai ka biya, don haka ka tambaya. Akwai kuma gidajen abinci na musamman a cikin jirgin, na gasasshen nama ko na Japan, kowane kai da kuɗinshi.

Wanda ya fi ba mutane mamaki ranar sauka shi ne tukwicin ma'aikata. Kullum ake rubuta shi a asusun ɗakinka, ko ka ci ko ba ka ci ba. A jiragen Amurka yana kamawa daga dala 16 zuwa 20 da ɗoriya kan kowane mutum a kowace rana. Ɗauki dala 18: ku huɗu, kwana bakwai, dala 504 ke nan. Ka sa ejan ya rubuta maka baƙi da fari ko yana cikin farashin da ya ba ka ko a'a.

Yanzu halal. Jirgi ba ya shiga kasuwa kullum. Yawancin naman da za a ci a mako ana loda shi ne a tashar farko, a daskare, bisa odar da aka yi makonni kafin nan. Saboda haka in sai kun hau ka buɗe baki, ko babban kuku yana son taimakonka ba shi da inda zai samo. Kamfanoni suna son sanarwa daga wata ɗaya zuwa wata uku kafin tashi, gwargwadon kamfanin da hanyar. Ana cike fom na abinci na musamman da lambar rajistar tafiyarku, da sunan kowa ɗaya bayan ɗaya, domin in aka sa sunan Baba kaɗai, kason mutum ɗaya za a loda. Kar ka yarda da "na gaya masu" na baki, ka karɓi amsar kamfanin a imel ka buga ta a takarda. Wasu kamfanonin za su ce maka kai tsaye ba su yi, sai kifi da ganye. Gara ka ji haka kana Katsina.

Ranar hawa, da zarar kun ajiye kaya, ka nufi babban ɗakin cin abinci da takardar nan ka nemi shugaban masu hidimar tebur. Shi ne mutumin da zai riƙe maku makon nan. Ka roƙi tebur guda da lokaci guda har ƙarshen tafiya, saboda weta ɗaya ya san ku. Tsarin "zo lokacin da ka ga dama" yana da daɗi, amma kullum sabon weta, kullum bayani daga farko. Tsarin da ake bi shi ne a kawo maka takardar abincin gobe tun yau da dare, ka zaɓa, a fidda naman daga firiza ya narke, a dafa shi daban. Daren farko kusan kullum kifi ne rabonku, don ba a samu wannan kwana ɗaya ba.

In ra'ayina kake so, da dattijo mai taka-tsantsan irin Baba, ka duba na Jidda tukuna. Sunan jirgin AROYA, na Saudiyya ne, ya fara aiki a watan Disamba 2024, yana ɗaukar fasinja sama da 3,000, abincinshi halal ne, ba a sayar da giya, akwai wurin salla. Duk wannan cike-ciken fom ya faɗi. Ka dai tabbatar daga wace tasha yake tashi a watan da kuke so, don jiragen nan suna canza yanki da damina da rani. Tashi daga Dubai kuma bai mai da jirgi na Musulmi ba: yawancinsu jiragen Turai ne da ke zuwa cin sanyin hunturu a yankin, kicin ɗinsu na nan yadda yake, sai ka tambaya kamar kowane.

Inna 'Yar Daura:

Ɗana, Malam ya gama maka maganar takarda. Ni ta tukunya zan yi, don nan ne ake zamewa ko an samu naman yanka.

Naman alade a abincin Turawa ba ya zuwa da sunanshi. Ka haddace waɗannan yadda ake rubuta su a takardar abinci: bacon, ham, salami, pepperoni, prosciutto, pancetta, chorizo, lard. Miyar wake ko ta dankali da za ka gani fes babu nama, sau da yawa da ƙashin alade ko guntun bacon aka tada romonta. Taliyar carbonara da alade ake yinta tun asali. Ƙwan safe kuma a kan faffaɗan ƙarfe ɗaya ake soya shi da na mai son ham a ciki, da cokali ɗaya. Ka ce a fasa ma Baba nashi a kasko mai tsabta a gabanka, ko ku tsaya ga dafaffen ƙwai da ɓawonshi. Soyayyen dankali ma ka tambayi me aka soya a man kafin shi.

Sai giya. Miyar da ake zuba wa nama mai duhun nan yawanci da jan ruwan inabi ake haɗa ta, shinkafar risotto da fari, kuma kayan zaƙi irin tiramisu da kek ɗin rum duk akwai. Weta zai ce maka ai wuta ta ƙone ta. Ba ta ƙonewa duka: bayan minti 15 ana tafasawa kusan kashi 40 cikin 100 na nan, sai an haura awa biyu take komawa ɗan kaɗan. Ka ce a kawo kifi ko nama gasasshe babu miya, a ba ku lemon tsami da man zaitun a gefe. Yawancin abin zaƙi mai rawa a faranti, jeli ko makamancinshi, da jelatin ake daskarar da shi, kuma galibi daga fatar alade ake samunshi. Ku bar shi, kankana da abarba suna nan tuli.

A wurin ɗiba-da-kanka matsalar ba daga kuku take ba, daga fasinja ne. Mutum zai ɗauki abin ɗiba daga tiren tsiran alade ya tsoma a tiren kaza ya wuce abinshi. Ku je da zarar an buɗe, ko ka nemi a ɗebo maku daga sabon tire a ciki. Ba su ƙi.

Maganar Hajiya mai sauƙi ce. Kuku da yawa a jiragen nan 'yan Indiya ne, masu hidima kuma Indunusiya da Filifin sun fi yawa, kuma cikin 'yan Indunusiyan Musulmi ba su da wuyar samu, ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka ce ma shugaban tebur kuna son girkin Indiya na ganye kullum da dare: farar shinkafa, miyar wake mai kori, da yankakken ɗanyen barkono a ɗan kwano. Ba tuwo da miyar kuka ba ne, amma za ta ci ta ƙoshi.

Lokacin zama: akwai na wajen ƙarfe 6 da na wajen 8 da rabi. Cin dare a can yana ɗaukar awa ɗaya da rabi zuwa biyu, don kicin na fidda abinci ne zango-zango ga ɗaruruwan mutane lokaci guda. Mai suga da ya yi allura bai kamata ya zauna jiran faranti har ƙarfe 9 ba. Ku ɗauki na farko. A Bahar Maliya da yankin Dubai da hunturu rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6, kun yi Magariba kun sauko. Kar ku makara fiye da minti 15, teburin zai koma bayan layi.

Malamin Asibiti:

Ƙari kan lafiya, ranka ya daɗe. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8. Ɗan firjin ɗaki a jirage da yawa sanyaya lemo kawai yake yi, bai kai nan ba. Ka rubuta a fom ɗin cewa akwai insulin, a ba ku firjin magani ko a ajiye a asibitin jirgi, a kuma kawo kwandon zubar da allura. Maganin ya zauna a jakar hannu ranar hawa, akwatuna kan kai yamma kafin su iso ɗaki. Ganin likitan jirgi na kuɗi ne kuma da tsada, ku yi inshorar tafiya.

Abin da ya fi kwantar da mutane a jirgi shi ne ƙwayar norobairos: amai da zawo na kwana ɗaya zuwa uku, tana yaɗuwa ta hannu, ta abin ɗiban abinci da ƙarfen matakala da maɓallin lif. Man goge hannu mai sinadarin alkohol da ke bakin ƙofa ba ya kashe ta sosai. Sabulu da ruwa, daƙiƙa 20, kafin a ci, kuma bayan an gama ɗiba, ba kafin ɗiba kaɗai ba. Alwala babu sabulu ba ta wadatar a nan. Ga mai suga amai da zawo ba abin jira ba ne, a kira asibitin jirgi nan take. Za su ce ya zauna a ɗaki har ya yi aƙalla kwana ɗaya babu alama, abinci a kawo mashi.

In jirgin yana shiga tashoshin Amurka, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, CDC, na duba tsabtarshi ba sanarwa sau biyu a shekara, ta wallafa maki bisa 100, kuma 85 zuwa ƙasa faɗuwa ce. Ana iya neman sunan jirgi a shafinsu.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Inna, Hajiya ta ce a tambaya: za ta iya tafiya da kilishi, yaji da garin kunu? Kuma Malam Na-Gobarau, tukwicin nan dole ne?

Inna 'Yar Daura:

Kilishi da dambun nama ta bar su gida in Turai za ku. Doka ta hana matafiyi shiga ƙasashen Tarayyar Turai da nama ko madara daga waje, a filin jirgin sama za a karɓe. Jiragen ruwan ma ba su yarda da abincin da aka dafa a gida ba, sai busasshe da ke cikin leda ta kamfani a rufe. Yaji ta zuba kaɗan a robar da aka liƙe aka rubuta abin da ke ciki, gari ja a ƙullin leda yana jawo tambaya. Garin kunu zai yi, amma kar ta ɗauki butar lantarki ko hita, na'urar bincike za ta gani a riƙe har ranar sauka saboda tsoron gobara. Tafasasshen ruwan shayi yana nan a bene na sama, ta tafi da ƙaramin fulas ta dama abinta a ɗaki.

Na-Gobarau:

A wasu jiragen kana iya zuwa teburin karɓar baƙi ka rage ko ka cire, a wasu kuma, musamman na Turai, an ɗaure shi da tikiti. Ni ban ba ka shawarar cirewa ba. Kuɗin ana raba shi ne tsakanin weta, mataimakinshi, mai gyaran ɗaki da waɗanda ba ka gani a bayan kicin, mutanen da ke aiki kullum babu ranar hutu na wata shida zuwa tara. Ku kuma da odarku ta daban kun ƙara masu aiki. In hidima ta yi rauni, faɗa ma shugaban tebur a daren, gobe za ka ga canji. Ƙorafin ranar sauka ba ya gyara komai.

Ka riƙa duba asusun ɗakinku a talabijin ɗin ɗaki ko manhajar jirgi duk bayan kwana biyu. Lemo da ruwan da ke cikin firjin ɗaki na sayarwa ne, ka ce ma mai gyaran ɗaki ya kwashe su tun ranar farko, kafin Baba ya ɗauka kyauta ce.